Akwatin da ke Bayan Jif ɗin Dakta

Litinin, 4 ga Agusta, da hantsi

Kai da ka ɗauki littafin nan ba da izinina ba, tsaya in tambaye ka tun kafin ka fara yanke mini hukunci: ka taɓa yin wani aiki da hannunka ya yi kyau, kyan da har ka riƙa kewayowa kana sake kallonsa kamar ba kai ka yi ba? In ba ka taɓa ba, ajiye mini kayana ka je ka nemi littafin soyayya. Ba abin da za ka gane a nan.

Shekaranjiya aka kama Nicodemus.

Shi ne direban Dakta Muhsinat, likitar dabbobin da ke kawo mana motarta gyara, kuma shi ke riƙe allura in sun shiga daji. Mutumin Biu ne, a Bulumkutu yake zaune. Ya girme ni nesa ba kusa ba, amma bai taɓa shigowa garejinmu ba sai ya ƙame ya sara mini ya ce, "Injiniya, ina gajiya?" Ya san ban gama sakandare ba. Ya san karatuna na tsofaffin littattafan bakin titi ne da abin da nake tsinta a waya. Duk da haka in ya faɗa ba ya kama da ba'a, ko kuma ni ne ba na son in ji ba'ar.

Ga abin da ake cewa. Shanun da suka yi wa rigakafin ciwon huhu da bazara a rugagen hanyar Gubio, su ne yanzu ciwon huhun ke kashewa. Makiyaya sun ce ya sayar da maganin gaskiya ya tsira wa dabbobinsu ruwa. In magana ta tsaya a haka, kurkuku za shi.

Ni Habib mai walda ne. Ƙarfe na sani. Ba ruwana da shanu. Na rubuta ne kawai don labarin ya cika unguwarmu Bolori.

Talata, 5 ga Agusta, bayan azahar

Ba wuta, ba aiki. Oga Ba'ana, mai garejin, wanda ya koya mini sana'a, yana gyangyaɗi a kan benci. Na ce yau ba zan yi zancen motar ba, amma zan yi, don a san cewa aikin nan ba shirme ba ne.

Jif ce gajera mai ƙofa biyu, irin wadda ke ratsa yashi kamar akuya. Rufinta tampol ne. Bayan kujerun baya ɗan wurin da ya rage ko buhun gero ba zai kwanta sosai ba. To ka kulle ƙofa biyu ka bar rufin tsumma, me ka kulle? Wata rana da sanyi suka tsaya a Kasuwar Shanu, kafin su dawo wani ɗan albarka ya sa reza ya tsaga tampol ya ɗauke kular maganin gaba ɗaya. Ina jin ya zaci lemo ne. Dakta ta zo garejinmu ranta a ɓace ta ce a yi mata wurin ajiya da ɓarawo zai gani ya haƙura.

Oga ya ce a kawo adakar ƙarfe a ɗora a baya, a zarga sarƙa a ƙafar kujera, a danna kwaɗo. Na ce wannan ai aikin masu sayar da gwanjo ne, duk mai almakashin ƙarfe zai gama da sarƙar kafin a idar da raka'a biyu. Ya ce to a cire kujerun baya a yi keji. Dakta ta ce a'a, tana ɗaukar mutane. Ya ce a ɗora akwati a saman. Na ce a saman me, tampol? Kuma a zafin ranar Maiduguri? Har Dakta sai da ta yi dariya. Oga bai yi ba.

Sai na kawo tawa. Na ga irinta a waya, Turawa na yi wa motocin farauta. Na ce abin da ɓarawo bai gani ba ba zai sata ba. A yanke daɓen motar ta baya, a nutsa akwatin ƙarfe ƙasa, murfinsa ya zo daidai da daɓen, hinji a ciki, makulli a ɓoye, a shimfiɗa roba a kai. Ka leƙa ka ga fili.

Na yi shi. Wallahi na yi shi, kuma ya yi. Ɗinkin waldar nan kamar da zare aka yi. Mota gajera ce, wuri ɗaya ne kawai akwatin zai shiga ta ƙasa, to nan ya shiga. Akwai wani ɗan fallen kwano da ya tare mini hanya, tsakanin daɓen da salansa, dama kwaramniya kawai yake yi. Na kwance shi na jefa a bola. Tsohuwar irin kular ba ta shiga ramin ba, aka sayo ƙarama irin ta abinci, ta zauna cif kamar an auna.

Oga ya zagaya motar ya duƙa ya daɗe yana kallon ƙasa. Ya miƙe ya ce, "Mm." Shi ke nan abin da ya ce. Na ɗauka hassada ce.

Laraba, 6 ga Agusta, da safe

Kwanon nan kwaramniya yake yi. Kowa ya ji shi.

Alhamis, 7 ga Agusta, bayan la'asar

Baba Ajimi ya zo a yi masa waldar kwamin shayar da dabbobi. Bashuwe ne, dogo, yana cikin waɗanda suka kai ƙara. Na so Oga ya karɓi aikin, amma ya tafi ta'aziyya, dole na zauna da shi.

Ban tambaye shi komai ba. Shi ya fara. Ya ce cikin garkensa akwai wata ja mai karyayyen ƙaho, da nononta aka yaye 'ya'yansa duka. Ya ce da ciwon ya kama ta sai ta daina kwanciya, ta tsaya ta ware ƙafafun gaba ta miƙa wuya tana neman iska, tana wani nishi kamar mutum. Ya kwaikwayi nishin. A cikin gareji, tsakar rana, dattijo da furfura yana nishin saniya. Na ja tabarau na walda na rufe fuskata, alhali ban ma kunna inji ba.

Na ce, "Baba, wataƙila maganin ne ba shi da kyau tun daga inda aka yi shi."

Ya ce, "A'a, mai walda. Waɗanda aka yi wa da motar gwamnati a ƙetaren kwari, magani iri ɗaya, nasu na nan suna kiwo. Namu ne kawai."

Na ce, "To wataƙila wani ne ya musanya a hanya."

Ya dube ni ya yi murmushi. "Kai da bakinka? Ba kai ne ka tsaya a Kasuwar Shanu kana bugun bayan motar kana cewa ko aljani ya zo sai dai ya yi sallama ya koma ba? Ina wurin. Ka ce makulli ɗaya ne tak a duniya, kuma ga shi a wuyan direba. To in aljani bai buɗe ba, wa ya buɗe?"

Na faɗa. Haka na faɗa, har da tafi aka yi mini.

Da zai tafi ya yaba waldar kwamin. Ya ce hannuna na da albarka. Na ji kamar in kwaɗa masa guduma, Allah ya yafe mini, mutumin da bai yi mini komai ba.

Juma'a, 8 ga Agusta, bayan an sauko

Liman ya yi huɗuba a kan tsaftar magudanun ruwa. Alhamdu lillahi.

Akwai wata rana da bazara, zafin nan da ke sa kwalta ta yi laushi. Nicodemus ya tsaya a garejinmu da yamma, ya dawo daga daji, ya ce, "Injiniya, zo ka ga wani abu. Ƙanƙarar da nake sawa a kula, kafin in kai ruga ta zama ruwa. Ruwan ma ba sanyi. Da can tana kai ni har la'asar."

Akwai mutane a wurin. Masu Keke Napep uku suna jiran gyara, da mai shayi. Matarsa Felicitas ce ke yin ƙanƙarar a gida tana sayarwa, kowa ya sani. Na ce, "Baban Victor, kar ka ɗora wa akwatina laifin Madam. Wace ƙanƙara ake yi a Bulumkutu da wutar da ke zuwa kamar baƙon kunya? Ruwan sanyi take ɗaura maka a leda ta ce ƙanƙara ce, kai kuma soyayya ta hana ka dubawa."

Aka kwashe da dariya. Shi ma ya yi. Ya sosa ƙeya ya ce, "Kai, yaron nan bakinka!" Ya shiga mota ya tafi.

Bayan motar na nan a gabana, taku kaɗan. Ban je na taɓa ba. Ina riƙe da kofin shayi.

Asabar, 9 ga Agusta, da rana

Ban ci abinci ba. Na zagi mai Keke a kan ba komai.

Lahadi, 10 ga Agusta, da yamma

Ban san me ya kai ni Bulumkutu ba. Na ce gaisuwa ce. An yi ruwa, layinsu duk taɓo, na isa ƙofar gidan takalmina kamar na mai kwaɓa ƙasa.

Felicitas ta dawo daga coci ke nan, ko ɗankwali ba ta cire ba. Ta ce, "Ah, Injiniya, Allah ne ya kawo ka." Ita ma haka take kirana, a bakin mijinta ta ɗauka. Ta ja ni har gaban firizarta ta ce in duba mata.

Na ce, "Maman Victor, ni mai walda ne, ba mai gyaran firiza ba."

Ta ce, "Kai kana karatu, ka san abubuwa. Duba mini kawai. Tun ranar da ka faɗa masa maganar nan ya dawo ya yi mini faɗa, mutumin da bai iya ɗaga murya ba. Na sa aka ƙara batir a sola. Na daina sayar wa kowa sai na cika tasa tukuna. Har kwana biyu nake barin tasa a ƙasan firizar. Duk da haka ya ce tana narkewa." Ta buɗe murfin. "In ni ce na kashe shanun mutane na sa aka rufe mijina, ka gaya mini. Zan je in faɗa musu su kama ni su sake shi."

Na sa hannu na ɗauko ƙulli ɗaya. Dutse. Ya manne mini a yatsu sai da na yarfe. In ka jefi mutum da shi sai asibiti.

Na ce, "Firizarki lafiya lau take."

Ta ce, "To mene ne?"

Na ce ban sani ba.

Ta tsaya tana kallona, ba kallon zargi ba, kallon wanda ke jiran mai ilimi ya ƙara tunani. Sai ta ce in zauna ta zubo mini shinkafa. Na ce ina azumi. Ranar Lahadi. Ta ce Allah ya karɓa.

Talata, 12 ga Agusta, da hantsi

Dakta ta kawo jif ɗin da kanta, wai birki na ƙara. Tunda aka kama direbanta ita ke tuƙi. Ta tsaya can gefe tana waya.

Daga gidanta zuwa Bolori ba wata tafiya ba ce, kuma gari a lumshe yake, ko rana babu. Makullin akwatin na haɗe da na motar yanzu. Na zagaya baya kamar mai neman sifana, na ɗage robar, na buɗe, na kifa tafin hannuna a gindin akwatin.

Ba zan rubuta ba.

To, zan rubuta wannan kawai: alƙalamin nan a hannun hagu nake riƙe da shi, shi ya sa rubutun ya karkace. Wannan tafiyar cikin gari ce da damina. Ka ƙiyasta rabin yini a cikin yashi da bazara, mota na kuka a giya ɗaya, salansa manne da ƙarfe, ƙarfe manne da kular abinci. Na karanta a jikin kwalin maganin, tun tuni na karanta, ni da ba na barin rubutu ya wuce ni ko na jikin ledar burodi ne. An rubuta a ajiye shi cikin sanyi.

Da na ɗago, Oga na tsaye a bayana. Ya kalli hannuna, ya kalli akwatin. Dakta ma ta gama wayar tana kallonmu. Oga ya sa ƙafa ya tura murfin ya rufe, ya ce mini da Kanuri in je in sa hannuna a ruwa.

Laraba, 13 ga Agusta, bayan magariba

Da sassafe Oga ya aike ni Baga Road in nemo wani irin bututu da ni da shi mun san ba a samunsa a garin nan. Na yini ina yawo kamar wawa. Ina sane na tafi. Wannan ma a rubuta: ina sane.

Na dawo garejin na warin sabon fenti. Jif ɗin na nan. Na ɗage robar. Fili. Faranti ɗaya lafiyayye, an yi masa walda an goge an shafa baƙin fenti, har da ɗan ƙasa aka watsa don ya tsufa. Na leƙa ƙasa, ga sabon kwano a saman salansa, an ɗaure shi da noti huɗu.

Na ce, "Oga, ina akwatina?"

Ya ce, "Wane akwati?"

Na ce, "Kar ka mai da ni mahaukaci, da hannuna na yi shi!"

Ya ci gaba da wanke hannu da kananzir. Ya ce, "Dakta ta ce yana mata nauyi a baya."

Na ɗaga murya. Na faɗi maganganu, ciki har da wadda ba a faɗa wa wanda ya koya maka riƙe guduma. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "Tadanyi," wato ɗana, rabon da ya kira ni haka tun ina share gareji. "Mutanen nan dukiyar kakanninsu ce ta mutu. Yanzu fushinsu na kan mutumin da ke bayan ƙarfe, inda hannu ba ya kaiwa. Kai kuma a bakin titi kake, ƙofarka a buɗe. Nicodemus na da 'yan cocinsu, sun samo lauya. Dakta na da takardunta. Kai me kake da shi ban da baki? Ranar da uwarka ta kawo ka nan daga Umarari, ce mini ta yi ga amana. Ba ta ce ga injiniya ba."

Na ce, "Ai ka gani tun ranar. Ka duƙa ka gani ka ce mm. Me ya hana ka magana?"

Ya ce, "Ka bar wa wani wurin magana a ranar?"

Alhamis, 14 ga Agusta, da safe

Na zo aiki. Ya zo aiki. Mun gaisa.

Asabar, 16 ga Agusta, da azahar

Abin da na tsana shi ne na yi barci mai daɗi tun ranar Laraba. Wani abu a cikina ya ji sanyi da ya ga filin nan. Ban san sunan abin ba, amma a jikina yake zaune, abincina yake ci.

Litinin, 18 ga Agusta, bayan la'asar

Na je caji ofis. Na kai wa Nicodemus burodi da wani tsohon littafin tarihin jiragen ruwa, don ya taɓa cewa bai taɓa ganin teku ba. Ya rame, gemu ya fito masa fari-fari. Da ya gan ni ya ƙame ya sara.

"Injiniya! Ka zo duba ƙarfen nan ne? Aikin banza ne, ba kamar naka ba. Wannan ko ni zan iya buɗewa, kunya ce kawai ta hana ni."

Na yi dariya don ya yi.

Ya ce an shirya zama ranar Alhamis a ƙofar gidan Lawan mai unguwa, makiyaya da dattawa da Dakta, a ga ko za a sasanta kafin a kai kotu. Sasantawar ita ce ya amsa laifi. Ya ce, "Lauya ya ce in na amsa abin zai zo da sauƙi. To in amsa me? Shekarun da na yi ina shiga rugagen nan, matansu na ba ni nono, yaransu na kirana Baba Niko. In tsaya a gabansu in ce ruwa na tsira?" Ya girgiza kai. "Ni dai abu ɗaya ke damuna. Na yi wa Madam faɗa a kan ƙanƙara. In ka je ka ce mata na ce ta yi haƙuri. Ko ma ƙanƙarar ce, ai ba da gangan ta yi ba."

Bakina ya buɗe. Wallahi ya buɗe. Sai ɗan sanda ya ce lokaci ya yi, ni kuwa na miƙe da sauri kamar dama jira nake.

Talata, 19 ga Agusta, da rana

Na tare Dakta a ƙofar shagonta. Na ce, "Dakta, ranar Alhamis me za ki ce?"

Ta gyara mayafi ta ce, "Malam Habib, ni ban ce ya yi ba, ban ce bai yi ba. In aka ce maganin a motata ya lalace, lasisina ya tafi, kuma babu makiyayin da zai sake yarda a yi wa dabbarsa rigakafi a yankin nan, ko wa ya kawo. Ka san shanun da za su mutu a lokacin? Ka yi tunani mai faɗi."

Mai faɗi. Kowa tunaninsa mai faɗi ne, shi ya sa mutum ɗaya ke kwance a wuri mai ƙunci.

Laraba, 20 ga Agusta, da yamma

Hannun ya fara saɓa. Ƙaiƙayi yake yi.

Alhamis, 21 ga Agusta, bayan la'asar

An yi zaman. Tabarmi a gindin dalbejiya, makiyaya a gefe guda da sandunansu a kwance, Felicitas da mutanen cocinsu a ɗaya gefen, Nicodemus a tsakiya da ɗan sanda. Dakta ta zo da jif ɗin ta ajiye a bakin hanya. Oga ya zo don Lawan abokinsa ne tun na ƙuruciya, sahu ɗaya suke sallah.

Ban shirya ba. Baba Ajimi na cikin maimaita zancen makulli ɗaya, sai na ji ni a tsaye. Na faɗi abin da na faɗa. Na yi maganar kwanon, da salansa, da kular abinci, da ranar da ya zo ya gaya mini na mai da shi abin dariya. Na ɗaga hannuna na nuna. Amma na yi ta da sauri, da ihu, ina haɗa Hausa da Turancin littafi, har na ce wa wani dattijo ya yi mini shiru. Haka nake. Ban iya wata hanyar ba.

Lawan ya ce a je a duba motar. Aka tafi duka. Aka ɗage roba.

Wani saurayi cikin makiyayan ya ƙwanƙwasa daɓen da sanda ya ce, "Ina ramin?" Wani ya ce, "Nawa 'yan cocin suka ba ka?" Wani daga baya ya ce, "Ai Habib ne, na garejin Bolori. In bai yi magana ba ciwo yake yi." Aka yi dariya. Irin dariyar da na saba jawowa ce, na san ɗanɗanonta, yau ce kawai aka juyo mini da ita.

Baba Ajimi bai yi dariya ba. Ya ce shi ya ga akwati a motar nan da idonsa, ina ya tafi? Dakta ta ce an cire shi, kuma ita ba ta san yana zafi ba, ba ma'aikaciyar ƙarfe ba ce. Ba ta faɗi ranar da aka cire ba, ba kuma wanda ya tambaya. Lawan ya juya ya ce, "Ba'ana, yaronka ne, garejinka ne. Akwatin nan na zafi ko ba ya yi? Abin da ka faɗa shi zan ɗauka."

Oga ya kalli ƙasa. Ya ce, "Yaro ne mai yawan karatu. Abin ya taɓa shi, don suna shiri da direban. A yi masa uzuri."

Aka ɗage zaman zuwa Litinin. In ba sabuwar magana, a miƙa wa kotu.

Da za a mai da Nicodemus mota ya waiwayo ya dube ni. Bai sara ba. Felicitas ta wuce ta gabana, kusa har mayafinta ya taɓa ni, ta ce a hankali, "Ka riƙe ƙanƙarata a hannunka ka ce ba ka sani ba."

Juma'a, 22 ga Agusta, da safe

Ban je gareji ba.

Lahadi, 24 ga Agusta, bayan azahar

Na gane yanzu. Maganata ba ta da nauyi a garin nan, ni na ƙarar da ita da kaina, a kan shayi da masu Keke. Ko na yanka jikina a gabansu cewa za su yi Habib na wasa. Mutum ɗaya Lawan ya ce zai ɗauki maganarsa.

Na je bayan gidan Oga da safe. Akwatin na can a jingine da katanga, ya kifa shi, kaji na kwana a ciki. Bai sayar wa 'yan gwangwan ba, bai yanka shi ba. Gindinsa ya yi shuɗi-shuɗi, launin da ƙarfe ke yi in ya sha wuta. Duk mai walda ya san launin nan. Na yi hayar Keke don gobe da sassafe. Zan ɗauke shi ko da faɗa, in dire shi a tsakiyar tabarmi.

Amma ƙarfe ba ya magana, za su ce daga bola na tsinto.

Don haka kai nake wa magana, Oga Ba'ana. Na san tsoron da kake ji mini, kuma wataƙila gaskiyarka ce, wataƙila sandunan nan su tashi. Na ji. Uwata amana ta ba ka, ba ta ce ka ajiye mata ni a kan wuyan wani ba. Gobe zan tsaya kusa da akwatin, ba zan ɗaga murya ba, ba zan yi Turanci ba, tambaya ɗaya zan yi in rufe bakina. Ba a gareji za ka amsa mini ba, ba da Kanuri a kunnena ba, ba da mm ba. A gaban Lawan, a gaban Baba Ajimi, a gaban matar nan, ka ɗago kai ka faɗa da ƙarfi yadda na bayan tabarma zai ji: daga cikin wace mota ka yanko wannan akwatin, a wace rana, kuma me ka gani a gindinsa da ya sa ka aike ni Baga Road?